Gwaggo Mai Ɗorawa da Takardar da Ban Karanta Mata Ba

Ban samu sallar jana'izar Gwaggo ba. Na taso daga Kano da hantsi, direba ya tsaya jiran fasinja a Kabo kamar wanda aka ɗaure a can, kafin in sauka a Gwarzo in hau acaɓa zuwa ƙauyenmu da ke bayan Kutama, har mutane sun fara dawowa daga maƙabarta suna karkaɗe ƙasa daga hannuwansu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na tsuguna a ƙofar gida aka yi mini gaisuwa, ina amsawa da baki, zuciyata tana wani wuri.

A zaman makoki kowa da irin Gwaggon da ya sani. Liman ya ce, "Allah ya jiƙan baiwar Allah. Ba ta da abokin faɗa a garin nan sai mai gatari." Dattawa suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan rasuwa a haɗiye rabinta. Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Ta wahalar da mu ƙwarai, amma ban taɓa kama ta da ƙarya ba." A cikin gida kuwa mata ne cike, har da waɗanda ban sani ba, daga Mainika da Madadi, tsofaffi masu dogara sanda. Na ji wata tana cewa, "Yau miya ta yi maraici." Wata kuma ta ce, "Yanzu wa za a tambaya a ji itacen wance ne ko na wance?"

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake nuna ni. Duk wanda ya shigo sai a ce masa, "Ga ɗanta na Kano, wanda suka yi takarda tare." Sai ya sake miƙo mini hannu, da ƙarin girmamawa. Ni kuwa na san abin da ba su sani ba. Abu ɗaya Gwaggo ta roƙe ni a duniya, in zauna in karanta mata abin da takardar nan ta ce, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ban yi ba. Shi ya sa nake wannan rubutu, don kada a manta da ita, kuma don kada in ci gaba da karɓar gaisuwar da ban cancanta ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na tashi, domin 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya yi rai ya kai ga tafiya. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Ina ƙarami Ɗan ɗaki ne, da na shiga makaranta na zama Ɗan boko, da na samu aiki na koma Na-Kano, kuma daga yadda ta ja sunan nakan gane ko yau akwai faɗa ko babu. Doguwa ce, siririya, mai saurin tafiya, irin matan gidanmu da kakanninsu suka bar bin shanu suka zauna noma amma ƙafar ba ta manta ba.

Sana'arta daddawa. Duk wanda ya taso a gidanmu ya san warin kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, tana dahuwa tun safe har yamma a babbar tukunya, ya san ƙarar turmi ana surfa ta da toka. In ta rufe kalwa da ganye kwana uku don ta ruɓa, ba ta yarda a yi faɗa a tsakar gida. Takan ce, "Ku tafi waje da rigimarku, kada ku ɓata mini daddawa." Mun ɗauka camfi ne. Da na girma na lura kwana ukun nan su ne kaɗai kwanakin da ake samun zaman lafiya a gidan, na gane tsohuwar ta fi mu wayo.

Sai dai in ba a san al'adar itace a wajenmu ba, ba za a gane Gwaggo ba. A danginmu da maƙwabtanmu, idan aka raba gado maza suka ɗauki gonaki, akan bar wa mata ɗorawar da ke cikin gonakin. Ƙasa ta namiji ce, abin da ke reto a sama na 'yar'uwarsa ne. Shi ya yi noma a ƙarƙashi, ita ta zo da ƙugiya lokacin ɗiba ta kwashe 'ya'yan. Ba a rubuta wannan a ko'ina, a kan tsofaffi yake zaune. Gwaggo kuwa ta haddace shi kamar karatun allo: ta san ɗorawar kowace mace daga bakin rafinmu har iyakar Mainika, ta san daga wace uwa ta gaje ta.

Ina jami'a aka shiga matsin tattalin arziki, wanda mutane ke kira ostariti. Kananzir ya yi wuya a birni, masu gidajen burodi da masu abinci suka koma itace, manyan motoci suka fara shigowa ƙauyuka da rani. Mai gona yana cikin matsi, ga mai mota ya zo da maganar da ke shiga kunne, ga ƙatuwar ɗorawa a tsakiyar gona tana yi wa dawa inuwa. Ba a tambayar mai itacen, tunda tana gidan miji a wani ƙauye, sai dai ta zo ɗiba ta tarar da kututture.

Haka aka yi wa Gwaggo, kuma Babana ne ya yi mata. Ta tafi biki Kabo ta kwana biyu, ta dawo ta tarar babbar ɗorawarta ta gonar gabas a kwance ana faskare ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta daina yi wa Baba magana kawai. Ya gaishe ta da safe, sai ta dubi kaza ta amsa. Aka yi wata da watanni a haka, har Sallah ta zo Liman ya shiga tsakani. A nan Baba ya faɗi gaskiya, ya ce gwamnati ta tsayar da tallafin ɗalibai, ni kuma na aiko ina neman abin komawa makaranta. Gwaggo ta ce, "Da ka tambaye ni ai da na ba ka. Yaron nawa ne. Amma ka bar ni in je in tsaya a gindinta tukuna." Ban ji wannan labari ba sai bayan shekaru, daga bakin mahaifiyata. Gwaggo ba ta taɓa goranta mini ba.

A shekarata ta ƙarshe malaminmu ya kira mu, mu uku, ya ce wata ƙungiya daga ƙasar waje ta ba da tallafi don ɗalibai su yi bincike kan yadda itatuwa ke ƙarewa a karkara. Akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, dole a yi aikin tare da mutanen wurin, a samu ɗaya daga cikinsu ya zama abokin aiki, ya sa hannu. Na biyu, idan an gama a koma a karanta musu sakamakon da harshensu. A lokacin da sashenmu ko takardar jarrabawa sai an yi karo-karo, wannan tallafi kamar ruwan farko ne. Na ce a je garinmu, don in yi wa mutane burga da motar jami'a.

Mun fara zuwa wurin mai unguwa, shi muke so ya sa hannu. Ya saurare mu har ƙarshe ya ce, "In dai maganar itace ce, ku tafi wurin gwaggonka. Ni in na sa hannu ta ji, ba zan sha ruwa a garin nan ba."

Mun same ta tana shanya daddawa. Na yi mata bayani da Hausar 'yan makaranta, mai yawan wato da ma'ana. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ɗan boko, in kun gama ƙirga gawarwakin, sai a yi yaya?"

Na ce, "Za a rubuta, Gwaggo, a kai wa gwamnati da waɗanda suka ba da tallafin. Sannan a dawo a karanta muku abin da aka rubuta."

"Wa zai karanta mini?"

"Ni."

"Kai da bakinka?"

"Ni da bakina."

Ta goge hannunta a zani ta miƙo babban yatsa. Na shafa masa tawada ta dangwala a takardar, a wurin da aka rubuta abokin aiki. Ta daɗe tana kallon tabon a yatsanta, ta ce ba ta taɓa sa hannu a komai ba tun da aka haife ta.

Rani guda muka yi muna bin ta. Tana gaba, mu uku muna baya da littattafai muna haki. Yadda take aiki shi ne abin da ba zan manta ba. In mun iso kututture sai ta tsaya kamar mai shiga gidan rasuwa, sannan ta faɗi mutum uku: mai gona, mai itace, mai gatari. Wannan gonar wane ce, ɗorawar ƙanwarsa ce da ke aure a Madadi, an sare ta shekarar da aka yi fari, motar wane ta ɗauka. Mu kuma mu durƙusa da tef muna auna faɗin kututturen. Takan ce, "Ku auna da kyau, ko likkafani za ku ɗinka masa." Abokina ɗan Zariya ya taɓa tambayarta ko ba ta mantuwa. Ta ce, "Kai kana manta waɗanda suka mutu a gidanku?"

Ta ukunmu mace ce 'yar birni, ita ke shiga gidaje wurin matan kulle, Gwaggo na yi mata jagora. Ta fito wata rana tana mamaki, ta ce ta leƙa madafa bayan madafa ba ta ga itacen ɗorawa ko ɗaya a murhu ba, sai karan dawa da busassun ƙirare da kashin shanu. Gwaggo ta ce, "Yarinya, mace ta sare ɗorawa ta ci me? Wa ke yanka saniyar da yake tatsa?" Ta nuna hanyar mota da haɓa ta ce, "Can suke tafiya. Ku ci burodi a birni, mu sha miya lami." Duk mun rubuta wannan. Na cika littafi guda da sunayen mata da itatuwansu, waɗanda aka sare da waɗanda suka rage, kamar yadda ta faɗa.

Da muka koma na rubuta rahoton kamar yadda muka gani, na kai wa malaminmu. Bayan mako ya kira ni ofis. Babu wuta, yana fifita da wani tsohon fayil. Ba mugun mutum ba ne, ina so a san wannan. Na sha ganinsa da yamma yana kabu-kabu da motarsa don albashi ba ya kai wata. Ya ce aikin ya yi kyau, amma akwai matsala. Masu tallafin suna da kashi na biyu, kuma kashi na biyun raba wa matan karkara murhu mai tsimin itace ne. In rahoto ya ce mata ba su da hannu a ƙarewar itatuwa, murhun na mene ne? In babu murhu babu kashi na biyu, ɗaliban da ke bayanmu ba za su samu abin fita bincike ba. Ga shi kuma mai motocin da ke kwashe itatuwan sananne ne, sashe ba shi da ƙarfin shari'a da shi. Ya ɗauki jan biro ya ce, "Ka sani, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski."

Na so in ce ban ci ba, amma na ci. Na ci kuɗin abinci, na hau motar, na yi burgar. Ga digiri saura wata biyu. Na koma na zauna a gaban tafireta, da hannuna na buga cewa matan karkara, saboda rashin sani, su ne ke sare itatuwa don girki. Maganar motoci ta koma layi ɗaya mai laushi. Jerin sunayen mata da itatuwansu aka ce ya yi tsawo, takarda ta yi tsada, aka cire. Gwaggo kanta, abokiyar aikin da ta dangwala yatsa, ta zama wata tsohuwa da aka zanta da ita. Na samu sakamako mai kyau, aka yaba mini, daga baya rahoton ya taimaka mini na samu aiki a ma'aikata.

Murhun kuwa ya zo. Aka tara mata a ƙofar mai unguwa aka yi musu wa'azi kan illar sare itace, aka ba kowace nata. Na je gida da Sallah na tarar na Gwaggo a bayan ɗaki kaza tana ƙwai a ciki. Ta ce, "Na-Kano, wannan takardarmu ce ta haifo shi?" Na ce wani ɓangare ne. Ta ce, "To, kaza dai ta gode." Sannan ta gyara zama ta ce, "Me takardar ta ce?"

Na ce tana wurin Turawa ba su dawo da ita ba.

Tun daga ranar tambayar nan ta zama cikin gaisuwarmu. Ina gajiya, ina iyali, ina aiki, me takardar ta ce. Ni kuma ƙaryata tana sauya riga kowace shekara. Ana fassara ta. Wanda ke fassarar ya tafi ƙaro karatu. Na manto ta a ofis. Ba ta taɓa matsa mini ba, takan ce "To" ta ci gaba da abin da take yi, ta ƙulla mini daddawa a leda in tafi da ita. Wannan To ɗin ta fi mini zafi fiye da zagi. Sai na fara rage zuwa. Daga kowane wata na koma Sallah zuwa Sallah, daga nan na koma aiken direba da sukari da atamfa. Na gaya wa kaina aiki ne ya yi yawa.

A cikin waɗannan shekarun gidan ya yi ta raguwa. Mijinta ya rasu, ta daina kai-komo tsakanin gidansa da ɗakinta na gidanmu, ta dawo gaba ɗaya. Baba ya rasu, Baffa ƙaninsu ya bi shi, mahaifiyata ta koma wurin yayata a Kabo. Tsararrakinta suka tafi ɗaya bayan ɗaya, sai ƙawarta guda ta gidan gaba, wadda suke surfen kalwa tare tun suna amare. Yaran gidan ba su san ta da komai ba sai tsohuwa mai warin daddawa da yawan maganar itatuwan da babu su. In na je nakan same ta ita kaɗai a ƙofar ɗaki, rediyo a gefe ba batir. Na ga kaɗaicin nan da idona, kuma na san ina cikin waɗanda suka gina shi.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, garinmu ya ɗauki murna kamar ko'ina. Matasa suka cika motoci zuwa Kano, aka dawo da kabbara da labari. Gwaggo ta saurara ta ce, "Madalla. In ta huta gajiya, ina da tambaya gare ta." A lokacin ɗorawa ɗaya ta rage mata a duniya, a gonar da ɗan Baffa ya gada. Masu injin yanka suka yi masa tayi, ya ce itacen da ke gonarsa nasa ne, zancen rabon mata tatsuniya ce. Gwaggo ta yafa mayafi ta hau mota ta kai ƙara gaban alƙali a Gwarzo.

Bayan kwana kaɗan ina zaune a gida a Kano da la'asar, sai ga sallamarta. Ba ta taɓa zuwa gidana ba. Ta yi ta tambaya daga tasha har ta iso. Matata ta nuna mata kujera, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar kujerar. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Na-Kano, alƙali ya ce in kawo shaidu. Na duba, duk waɗanda suka ga rabon nan suna ƙasa. Na ce masa akwai takarda, ni na dangwala mata hannu, ɗana ya rubuta itacen kowa a ciki. Shi ne na zo."

Rahoton yana cikin akwati a ɗakin da ke bayana, tsakaninmu da shi bango ɗaya. Littafin sunayen kuwa na bar shi a sashe tun ina ɗalibi, ban san inda ya ƙare ba. Da na ɗauko rahoton, dole in karanta, in na karanta dole ta ji abin da na ce game da ita da sauran mata. Da na ce zan je kotu in ba da shaida da bakina, da ya isa, domin na ji maganar itacen nan tun ina yaro. Amma na ji tsoron a tambaye ni takardar a gaban mutane. Na ce, "Gwaggo, an yi mana ƙaurar ofis, takardar ta ɓace."

Ta dube ni, ba da fushi ba. Ta daɗe tana dubana. Ta ce, "To. Allah ya bayyana ta." Aka kawo abinci ta taɓa kaɗan, ta ce za ta koma kafin motocin Gwarzo su ƙare. Na kai ta tasha a motata.

Yayata ce ta ba ni labarin yadda aka ƙare a kotu. Alƙali ya bi ƙa'ida: mai ƙara ba ta da shaidu, saboda haka rantsuwa ta hau kan wanda ake ƙara. Aka kawo Alƙur'ani, ɗan Baffa ya yi alwala ya matso. Sai Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a dakata. Yaron nan ɗan ƙanena ne, ya san gaskiya, ni ma na sani. Ba zan tsaya ina kallo ya dafa Littafin Allah a kan icce ba. Na bar masa." Kafin sati ya zagayo aka kwantar da ɗorawar. An ce ta je ta tsaya a gindinta tun kafin masu injin su iso, sannan ta dawo gida ba ta jira ta ga faɗuwarta ba.

Ta ci gaba da daddawa da kalwar kasuwa, daga baya da ƙarfi ya ƙare ta bari. Na je sau biyu ko uku bayan haka. Ta rame, idonta ya fara hazo, amma tambayar tana nan. Zuwana na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce, "Ba a gan ta ba har yanzu?" Na ce ana nema.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, ƙawarta ta gidan gaba ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a ɗakin Gwaggo, an naɗe katifa an jingine. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Zauna, ɗan nan. Akwai maganar da aka hana ni faɗa, amma mai hanin ta tafi, ni kuma ba zan kai ta kabari ba."

Na zauna.

Ta ce, "Takardar nan taku, gwaggonka ta san abin da ke ciki."

Na ce, "Inna, wace takarda?"

"Kada ka yi mini haka, ni ba ita ba ce. Mutanen da suka ba ku kuɗin aikin sun aiko wa mai unguwa da guda, tun shekarar da aka raba murhu, suka ce haƙƙin gari ne. Ya ajiye a zaure ba wanda ya buɗe. Ɗana da ke koyarwa a firamare ya gani ya ɗauko. A nan ɗakin ya karanta mana ita da Hausa, daga farko har ƙarshe, ni da ita. Da ya zo wurin da aka ce mata ke sare itace, ta ce ya maimaita. Ya maimaita. Ta tambaya ko akwai sunayen, ya ce babu. Ta ce kada wanda ya gaya maka."

Na ce, "To me ya sa ta yi ta tambayata? Me ya sa ta je har Kano?"

Tsohuwar ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Na tambaye ta haka. Na ce ki faɗa masa kin sani, a huta. Ta ce a'a, in ya ji na sani, kunya za ta kore shi gaba ɗaya, ko Sallah ba zan gan shi ba. Amma in ina tambaya, wata rana zai gaji da ɗaukar kayan nan ya zauna ya faɗa mini da bakinsa, ni kuma in ce masa ba komai, a wuce wurin. Ranar da za ta Kano ta san babu abin da takardar za ta yi mata a gaban alƙali. Ta ce mini, in ɗorawa za ta tafi ta tafi, bari in je ko zan samo ɗana." Ta ƙara da cewa, "Ba komai ɗin nan ta riƙe maka ita shekara da shekaru, ta rasa inda za ta sauke ta."

Na zauna a ɗakin har aka kira la'asar.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya ba ta inuwar da ba mai sarewa. Ya sa haƙurin da ta yi da mu ya zama nauyi a mizaninta. Mata ba su sare ɗorawar garinmu ba, ni na rubuta cewa su suka sare, kuma ƙarya na rubuta. Ga shi na faɗa da bakina, Gwaggo, da Hausa, kamar yadda na yi alkawari, sai dai yanzu babu mai ce mini ba komai.